INA ZA MU ZAUNA? ZAƁEN UNGUWA DOMIN IYALI A ABUJA DA KEWAYE

Jawabin da aka gabatar a taron zumuncin ma'aurata na ikkilisiyoyi masu sujada da Hausa

 

Batun da aka ba mu shi ne zaɓen wurin zama domin iyali. Wani zai ce ai wannan maganar dillalai ce, me ya kawo ta taron masu bi? Amsar tana cikin rajistar ikkilisiyoyinmu. Duk sakataren da ya duba sunayen iyalan da suka daina zuwa sujada zai ga da yawansu ba faɗa suka yi da kowa ba, ba su kuma bar bangaskiya ba. Ƙaura suka yi. Kuɗin haya ya kore su zuwa unguwa mai nisa, aka fara zuwa sau biyu a wata, aka koma sai ranar Jibin Ubangiji, daga nan sai labari. Unguwar da muka zaɓa ita ke yanke ƙarfe nawa uba zai dawo gida, da waɗanne yara 'ya'yanmu za su yi wasa, da wane harshe za su tashi, da kuma wanda zai buɗe mana ƙofa ranar da ciwo ya tashi cikin dare. Saboda haka batun nan na ikkilisiya ne.

YADDA MUKA SAMI KANMU A BAYAN GARI

A shekarar 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi dokar kafa sabon babban birni, aka kuma taso daga Legas a ranar 12 ga Disamba, 1991. An tsara birnin da kyau a takarda, amma ba a tanadi isassun gidaje domin ƙaramin ma'aikaci ba. Malamin makaranta, da ɗan sanda, da direba, da mai gadi, da nas, su ne masu riƙe da birnin da rana, su ne kuma masu barinsa da yamma. Tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan birnin, aka yi rusau mai yawa a unguwannin da ba sa cikin tsari, har da Idu-Karmo a 2006. Dubban iyalai suka kwashi abin da ya rage suka nufi bayan gari. A cikin 2006 ɗin ne kuma aka hana acaɓa shiga tsakiyar birni. Bayan Boko Haram ta kama Gwoza a 2014, wasu 'yan'uwa suka iso da rigar jikinsu kawai, suka zauna a Durumi da Kuchingoro da Wasa.

Yawancinmu daga Filato muke, da Kudancin Kaduna, da Nasarawa, da Bauchi, da Gombe, da Adamawa, da Taraba, da kudancin Borno, da Neja, da ƙasar Zuru, tare da Hausawa masu bi daga Kano da Katsina da Zariya. Kowa da harshen uwarsa, amma tun da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Hausa ce ke haɗa mu wajen sujada. Da ita aka yi mana baftisma, da ita aka ɗaura aurenmu, da ita muke binne matattunmu. Wannan ya sa mu zama 'yan tsiraru ta fuska biyu. A manyan majami'un birni Turanci ake yi, mu ne 'yan sashen Hausa da ake ba wa sujadar sassafe ko ƙaramin ɗaki. A kasuwa kuwa, in aka ji Hausarmu sai a ɗauka mu Musulmi ne, sai an ji sunanmu a yi mamaki. Don haka in muka ce muna neman wurin da ya yi kama da gida, ya kamata mu san abin da muke nufi.

HANYOYIN DA KE KAI MU GIDA

In kun lura, mutanenmu ba su watsu a Abuja haka kawai ba. Kowa ya bi hanyar da ke kai shi garinsu.

Akwai hanyar Keffi. A kanta ne Nyanya da Karu suke, daga can kuma a shiga Jikwoyi da Kurudu da Karshi, duk cikin yankin birnin tarayya. In aka tsallake iyaka aka shiga Jihar Nasarawa, ga Mararaba, ga Ado, ga Masaka. Wannan hanya ita ce ke zuwa Akwanga, daga nan a rabu zuwa Jos ko Lafiya, saboda haka mutanen Filato da Nasarawa da Arewa maso Gabas sun fi yawa a nan. Bishara ta daɗe a ƙasar Karu, tun farkon ƙarnin da ya wuce 'yan mishan na SIM suka zauna a cikin Gbagyi. Ba wuya ka sami ECWA, ko COCIN, ko EYN, ko ERCC, ko LCCN, ko HEKAN mai sujada da Hausa. Wahalar wannan hanya ita ce cunkoso. Tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba in hanya a buɗe take tana iya cin sa'a biyu da safiyar Litinin.

Akwai hanyar Kubwa da Zuba, wadda ta kai Madalla da Suleja a Jihar Neja, ta wuce Kaduna ko Minna. Reshenta ya bi ta Dutse zuwa Bwari, ya ɓulla Jere. Mutanen Kaduna da Zariya da Neja da Zuru sun fi son wannan ɓangare. Titin Kubwa yana da faɗi, jirgin ƙasan Kaduna da aka buɗe a 2016 ma yana da tasha a Kubwa, sai dai haya a can ta fi ta Masaka tsada nesa ba kusa ba.

Akwai kuma hanyar filin jirgin sama, inda Lugbe take, da Kuje, da Gwagwalada can gaba. Gwagwalada tana da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja, amma tana da zafi da nisa.

Mun kawo wannan ne domin hanyar gida abin dubawa ce. Wanda tsohuwarsa ke Pankshin ko Kaltungo, in aka buga masa waya da asuba, yana so ya sami mota a bakin titinsu ba sai ya ratsa birni ba. Ta wannan hanya ce kuma buhun acca da dankali ke zuwa daga gida. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

ME MUKE NUFI DA KAMAR GIDA?

Na farko, majami'ar da za a iya zuwa da ƙafa, ko da hawan Keke Napep sau ɗaya. Rayuwar ikkilisiyarmu ba ta Lahadi kaɗai ba ce. Akwai addu'ar tsakiyar mako, akwai ranar Zumuntar Mata, akwai koyon waƙa, akwai ajin baftisma, akwai Birged na yara maza da mata, akwai Sabon Rai. Iyalin da ke bukatar mota uku kafin su isa majami'a za su riƙe Lahadi na ɗan lokaci, amma sauran duk za su zube, kuma a cikin sauran nan ne yara ke yin saiwa.

Na biyu, harshe. Yaron da aka haifa a Mararaba yana jin Turanci a makaranta, yana jin Turancin buroka a titi. In babu maƙwabcin da zai gaishe shi da Hausa ko da harshen iyayensa, kafin ya kai shekara 10 ba zai iya hira da kakarsa ba. Mun ga yaran da ke zama a sujadar Hausa kamar baƙi, suna jiran a tashi. Ba laifinsu ba ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku, kasuwa da tukunya. Uwargida za ta so ta san inda za ta sami kuka da karkashi da daddawa da riɗi, da inda ake niƙa. Kasuwar Orange a Mararaba, da kasuwar kayan marmari ta Zuba, da Dei-Dei, da Karmo, wuraren da kayan Arewa ke sauka ne, kusanci da su kuwa yana rage kuɗin cefane.

Na huɗu, kuma mafi girma, halin zama. A gida, in ɗanka ya yi rashin kunya a titi, duk dattijon da ya gan shi zai tsawata masa, domin ɗa na kowa ne. In an haihu mata za su zo da ruwan zafi da kunu. In an yi rashi ba za a bar ka kai kaɗai ba. Wannan hali ba na ƙabila ɗaya ba ne, ba kuma na addini ɗaya ba ne. Sau da yawa maƙwabci Musulmi daga Katsina ya fi kusa da mu a al'ada fiye da wani mai bi da ke zaune bayan dogon bango, wanda shekara biyu ba mu san sunansa ba. Shi zai aiko mana da naman Salla, mu aika masa da shinkafar Kirsimeti, kamar yadda iyayenmu suka yi.

LISSAFIN KUƊI DA NA LOKACI

Yawancinmu kuɗin haya kaɗai muke dubawa. Mai gida zai ce a biya shekara ɗaya gaba ɗaya, wani ma biyu. Dillali zai karɓi kashi 10 cikin 100, ga kuɗin lauya, ga kuɗin ajiya domin gyara. Ganin haka sai mutum ya ruga can ƙarshen gari inda ciki da falo ke da sauƙi. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama haya ta biyu.

Mu ɗauki misali kawai. A ce maigida yana kashe Naira 2,000 kowace rana zuwa aiki da dawowa. A kwana 22 na aiki, Naira 44,000 ke nan a wata, Naira 528,000 a shekara. In uwargida ma tana aiki a birni, an haura miliyan ɗaya, ba a sa na yara ba, ba a sa na zuwa sujada ba. Kowa ya sa nasa adadin ya gani. Wani lokaci gidan da ya fi tsada kusa da wurin aiki shi ne mai sauƙi. Araha ba ta ado.

Lissafin lokaci ya fi wannan ciwo. Wanda ke yin sa'a biyu zuwa, biyu dawowa, yana kashe sa'a 88 a wata cikin mota, fiye da kwana uku da rabi ke nan. Yana fita yara suna barci, yana dawowa suna barci. Wa zai bi da addu'ar iyali? Wa zai duba littattafan makaranta? Sai ka ga uwa ta zama uwa da uba, uban kuma ya zama baƙon Asabar. Ba mu ce kowa yana da zaɓi ba, domin akwai waɗanda albashinsu bai ba su damar matsowa ba. Amma wanda yake da zaɓi, ya sa lokacin 'ya'yansa cikin lissafi. Mai fitar asuba da mai dawowar dare su ne kuma suka fi faɗawa hannun ɓarayin nan masu shiga mota kamar fasinjoji, waɗanda ake ce wa wan cans.

Littafin Farawa sura 13 ya ba mu labarin Lutu. Kawunsa Ibrahim ya bar masa zaɓi, shi kuwa ya duba inda ruwa da ciyawa suke ya nufi can, bai tambayi halin mutanen wurin ba. Dabbobinsa sun ƙoshi, amma mun san yadda gidansa ya ƙare. Lissafinsa na dukiya daidai ne. Lissafin iyali ne bai yi ba.

YARA DA TITIN DA ZA SU TASHI A KAI

Kafin mu biya kuɗi, mu tsaya a ƙofar gidan mu duba dama da hagu. Me ke tsakanin gidan da makaranta? In yaro zai wuce mashaya biyu da shagon caca da dandalin masu shaye-shaye kowace safiya, to, wannan ita ce makarantarsa ta farko. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mu duba ko zai tsallaka babban titi, domin titin Keffi da na Kubwa ba wurin tsallakar yaro ba ne sai ta gadar sama.

Mu shiga makarantar da kanmu, ko ta gwamnati ce ko mai zaman kanta. Mu ƙirga yaran aji ɗaya, mu ga banɗaki, mu tambaya ko gwamnati ta amince da ita, domin akwai gidajen haya da yawa da aka shafa wa fenti aka kira su makaranta. A gidan haya mai mutane da yawa kuma, mu san su wa za mu raba tsakar gida da banɗaki da su, musamman in muna da 'yan mata. Kada kunya ta hana mu tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

TSARO, DA BATUN ZAMA CIKIN NAMU KAƊAI

A nan ne maganar ta fi nauyi, 'yan'uwa, kuma ba za mu kauce mata ba. Da yawa a cikinmu sun ga rikicin Kaduna na Fabrairu 2000 da na Nuwamba 2002, ko na Jos a 2001 da 2008 da 2010, ko abin da ya biyo bayan zaɓen Afrilu 2011. Akwai waɗanda suka rasa gida, akwai waɗanda suka rasa 'ya'ya. In irin wannan ɗan'uwa ya ce ba zai kwana ba sai a unguwar da yake jin ƙarar ƙararrawar majami'a, ba mu da bakin zarginsa. Uba ne mai tsare iyalinsa.

Amma mu dubi abin da rabuwa ta haifar. A Kaduna kogi ya zama iyaka, Kirista suka taru a kudu, Musulmi suka taru a arewa. A Jos unguwanni suka rabu haka nan. Mutane suka sayar da gidajen gado da araha. Yara suka tashi ba su da aboki ko ɗaya daga ɗaya ɓangaren, sai abin da suka ji ana faɗa, kuma wanda ba ka sani ba yana da sauƙin tsoro, yana da sauƙin ƙi. Yawan namu a wuri ma ba shi ne kariya ba. Bom ɗin da ya tashi a majami'ar Katolika ta Madalla ranar Kirsimetin 2011, da wanda ya tashi a tashar motar Nyanya ranar 14 ga Afrilu, 2014, a wuraren da mutanenmu suke da yawa suka tashi. Masu satar mutane da suka addabi ƙauyukan Bwari a ƙarshen 2023 da farkon 2024 ba su tambayi addinin kowa ba.

Mu kuma tuna cewa a watan Yuni 2018, a ƙauyen Nghar na ƙaramar hukumar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. A Gurku, nan kusa da mu cikin Jihar Nasarawa, an zaunar da 'yan gudun hijira Kirista da Musulmi daga Arewa maso Gabas a ƙauye ɗaya. Maƙwabcin kirki ya fi dogon bango.

Shawararmu ita ce, kada mu zauna inda za mu zama mu kaɗai, babu majami'a, babu ɗan'uwa ko ɗaya da zai san halin da muke ciki. Kada kuma mu mai da ƙabila ko addini su zama ma'auni guda ɗaya tak. Mu tambayi tarihin unguwar: lokacin da gari ya rikice, me ya faru a nan? Mai unguwa ya san masu haya? Akwai 'yan sintiri, wa ke biyansu? Ina ofishin 'yan sanda mafi kusa? Hanya nawa ce ke fita daga unguwar? Gidan ƙarshe da ke jikin daji ko gindin dutse yana da sauƙin kuɗi, akwai kuma dalilin sauƙin nan. A Irmiya sura 29 an gaya wa mutanen Allah da ke baƙunci a Babila su kafu a wurin, su kuma sa birnin cikin addu'arsu. Fitilar da aka tara wuri ɗaya ba ta haskaka gari.

Mu kuma girmama masu ƙasa. Gbagyi da Gwandara da Gade da Koro da Basa suna nan kafin a aza tubalin farko na Abuja, da yawansu sun rasa gonakin kakanninsu domin birnin nan. Sabon zuwa ya je ya gai da mai unguwa. Haka aka koya mana a gida.

RUWA, WUTA, ASIBITI DA AMBALIYA

Ruwan famfo daga madatsar Usuma bai kai yawancin unguwannin bayan gari ba. Mu tambaya ko akwai rijiyar burtsatse, ko tana ƙafewa a watan Maris, da nawa 'yan garuwa ke sayar da kura. Game da wuta, mu nemi gida mai mitarsa ta kati, domin mita ɗaya ga iyali shida tushen faɗa ce. Tun Afrilu 2024 kuɗin wuta na unguwannin da aka sa a rukunin A ya ninka sosai, sai mu san rukunin da layin gidan yake. Mu auna nisan asibitin da ke karɓar haihuwa cikin dare. Akwai manyan asibitocin gwamnati a Nyanya da Karshi da Kubwa da Bwari da Kuje, akwai na tarayya a Keffi, amma asibiti kusa ba shi da amfani in mota ba ta iya shiga layinmu da damina.

Dillali yana son nuna gida da rani, da tsakar rana. Mu kuwa mu je sau huɗu. Mu je bayan an yi ruwan sama mu ga inda ruwa ke bi, mu duba alamar laima a jikin bango. Lokogoma ta sha ambaliya ba sau ɗaya ba, a Yuni 2023 kuma ruwa ya shanye gidaje da yawa a wani rukunin gidaje a Lugbe. Mu je da dare mu ji abin da unguwar ke yi bayan ƙarfe tara. Mu je da asubahin Litinin mu gwada neman mota. Mu je ranar Lahadi mu yi sujada a majami'ar wurin, mu zauna da dattawanta. Kuma maigida kada ya je shi kaɗai. Uwargida ce za ta san ciwon ruwa da kasuwa da maƙwabta fiye da kowa, ba daidai ba ne ta fara ganin gidan ranar da motar kaya ta tsaya.

MAI SAYEN FILI YA BUƊE IDO

Burin kowa ya fita daga haya. Amma a cikin yankin birnin tarayya ƙasa duka tana hannun gwamnatin tarayya, ministan birnin ne ke da ikon ba da fili. Takardar da basarake ko mai unguwa ya sa wa hannu ba ta hana rusau, ko da an yi shaidu goma. Ranar da aka zo da jan fenti, ba a tambayar ko gida ne ko majami'a ko masallaci. Duk wanda aka nuna wa takarda ya kai ta ofishin AGIS a bincika kafin ya ba da ko sisi. A ɓangaren Nasarawa ana saye daga iyalai masu gona, amma a tabbata dukan magada sun yarda, a auna filin, a bi ta NAGIS a nemi takardar mallaka da aka sani da C of O. Fili ɗaya a sayar wa mutum uku ba sabon labari ba ne. A guji ƙarƙashin manyan wayoyin wuta, da hanyar ruwa, da inda aka tsara titi zai bi. Ko mai sayarwar ɗan ikkilisiyarmu ne, a yi rubutu, a kira lauya. Rubutu ba rashin yarda ba ne, shi ke tsare zumunci.

ABIN DA IKKILISIYA ZA TA IYA YI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon kowace ikkilisiya ta sa mutum biyu ko uku, har da mace, waɗanda sabon zuwa zai tambaya kafin ya faɗa hannun dillalan titi. Su riƙe jerin ɗakunan da ke fita a gidajen 'yan'uwa. Lauyoyi da masu awon ƙasa da ke cikinmu su ba da rana ɗaya a wata domin duba takardu. A ƙarfafa adashi da asusun haɗin kai domin kuɗin haya, a fara tunawa da gwauraye da marayu da waɗanda rikici ya koro. 'Yan'uwa masu gidajen haya su ji tsoron Allah wajen ƙarin kuɗi.

In iyali za su ƙaura, kada mu riƙe su domin baikonsu. Mu ba su takarda zuwa ikkilisiyar da ke kusa da sabon gidansu, ko da ba ɗarikarmu ba ce, mu kuma bi sawu bayan wata ɗaya, domin zumunta a ƙafa take. Inda iyalai uku ko huɗu suka sami kansu nesa da majami'a, su fara addu'ar gida-gida. Majami'u da yawa da muke gani yau a falon wani suka fara. A makarantar Lahadi kuma a ware lokacin koya wa yara karatun Hausa, a gida iyaye su yi musu magana da harshensu.

Ƙaunatattu, babu unguwar da za ta cika dukan abin da muka lissafa. Kowane iyali su zauna, miji da mata, su rubuta abubuwa uku da ba za su iya rasawa ba, su yi addu'a a kansu, su nemi shawarar waɗanda suka riga su, sa'an nan su fita nema. Inda muka sauka kuma, mu zama irin maƙwabtan da muke nema. Mu fara gaisuwa, mu je barka, mu je ta'aziyya, mu tsawata wa yaron maƙwabci da ƙauna, mu yarda a tsawata wa namu.

Ubangiji ya ba kowane iyali a nan mazauni na salama, ya tsare shigarmu da fitarmu, ya raya mana 'ya'yanmu cikin tsoronsa.  Amin.